Yawon hutu a kan keke cikin tuddan inabi na Italiya: Langhe ko Toscana?

Baban Sadiƙ (Torino):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Zan samu hutu a wurin aiki, kuma a bana zuwa gida ba zai yiwu ba saboda tsadar tikiti. Ina da keken tsere da na saya na hannu, ranar Lahadi nakan bi bakin kogin Po da shi, wani lokaci in haura tudun Superga da ke gefen Torino. So nake in ɗaura 'yar jaka in yi yawo gari-gari a cikin tuddai. Wuri biyu ne a raina: Langhe da ke nan kusa da mu a yankin Piemonte, wajen garuruwan Alba da Barolo, ko in sauka Toscana in bi tuddan Chianti daga Firenze zuwa Siena. Lissafina kilomita 100 a kowace rana. Wanne ya fi, kuma a wane wata?

Ɗan Zango (Modena):
Wa alaikumus salam. Kilomita 100 kullum a kan sirdi, kuma sunansa hutu? Allah ya ba da lafiyar gwiwa.

Ɗan Jos (Treviso):
Baban Sadiƙ, fara goge wannan 100 ɗin tukuna. A bakin Po ana lissafi da kilomita, a Langhe da mita nawa ka haura ake lissafi. Ƙasar kamar kunyoyin doya take, ka sauka daga wannan ka hau wancan, ba inda ƙafa za ta huta. Kusan duk garuruwan a kan tudu aka gina su, hanya kuma sai ta gangara kwari kafin ta sake haurawa gari na gaba. Alba ba ta kai mita 200 sama da teku ba, La Morra ta wuce 500, kuma tsakaninsu ba nisa. Ka zagaya La Morra, Barolo, Monforte, Serralunga ka dawo Alba, tafiyar ba ta da tsawo a taswira, amma za ka iya tara hawan da ya kusa mita 1,000. Kuma ba irin hawan manyan duwatsu ba ne da mutum zai kama sannu ya yi ta tafiya awa guda. Gajeru ne masu tsini, suna tsinka numfashi.

Ka yanka wa kanka kilomita 50 zuwa 70 a yini. Tunda kana hawa Superga, ƙafarka ba ta da laifi, don wannan hawan ba na yara ba ne. Bambancin shi ne Superga sau ɗaya kake hawa ka koma gida ka yi wanka, can kuwa gobe ma akwai, jibi ma akwai.

Maman Hanifa (Siena):
Ni dai Toscana zan ce, ko da za a ce son kai ne. Hanyar da ake kira Chiantigiana, wato SR222, ta taso daga Firenze ta ratsa Greve, Panzano da Castellina ta shigo Siena. Idan ka gama ka ƙara gaba kudu zuwa Val d'Orcia, wajen Pienza da Montalcino. Maigida yana hawan keke, ni a mota nake binsa da yara, kuma wallahi ban gaji da kallon wurin ba. Can ba inabi kaɗai ba ne, akwai zaitun, akwai daji, akwai gonakin alkama. Langhe ta wajen Barolo kuwa duk inda ka juya inabi ne a jere har ido ya gundura.

Ɗan Jos (Treviso):
Hajiya, ki gaya masa dukan gaskiyar mana. Chiantigiana ranar Asabar da Lahadi ta masu babura ce da motocin 'yan yawon buɗe ido. Kuma hanyoyin da suka fi daɗi a ƙasarku ba kwalta ba ne, farar tsakuwa ce.

Maman Hanifa (Siena):
Ai farar hanyar ita ce abin alfaharin. Saboda ita ake yin taron hawan keke na L'Eroica a garin Gaiole tun 1997, farkon Oktoba, da tsofaffin kekunan ƙarfe da rigunan ulu irin na da. Doguwar hanyarta ta wuce kilomita 200, kuma an kafa mata alamu, kowane lokaci na shekara mutum zai iya binta kashi-kashi. Daga nan aka samo tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda ake ƙarewa a dandalin Campo na Siena cikin watan Maris. Ranar nan garin ba masaka tsinke.

Ɗan Jos (Treviso):
Duk gaskiya ne. Amma siririyar taya mai faɗin milimita 25 da jaka a baya, a gangaren tsakuwa, ban ba shi shawara ba. In Toscana zai je ya sa mai 30 ko 32 in keken zai ɗauka.

Malam Na-Brescia:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, an yi maganar taya an yi maganar tudu, ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Waɗannan sunaye da kuke jerowa, Barolo, Chianti, Montalcino, duniya ba ta san su da komai ba sai giya. Ƙasa ce da arzikinta da tallarta da baƙinta duk a kan kwalba suke. Italiya da faɗi, ga tafkuna, ga duwatsu, ga bakin teku. Me zai sa Musulmi ya ɗauki hutunsa da kuɗinsa ya nufi inda ake matsa inabi?

Baban Sadiƙ (Torino):
Allah gafarta Malam, hanya ce ta ja ni, ba abin da ke cikin ganga ba. Kwalta mai kyau, motoci kaɗan a ƙananan hanyoyi, kuma jirgin ƙasa daga Torino zuwa Alba awa ɗaya da 'yan mintuna ne.

Ɗan Zango (Modena):
Malam, in haka ne mu mutanen Modena da Parma sai mu tattara kayanmu, don nan ƙasar naman alade ce da giyar Lambrusco. Ku ma Franciacorta, ƙasar masu yin giya, tana bayan gidanku.

Malam Na-Brescia:
Ɗan Zango, zama don neman abinci daban, zaɓen wurin shaƙatawa daban. Amma bari in fayyace, kada a ce Malam ya haramta hawan keke. Bin hanya ta cikin gonar inabi ba laifi ba ne. Inabi halittar Allah ne, an ambace shi a Alƙur'ani cikin ni'imomi. Hadisin da ya la'anci mutum goma game da giya ya lissafa mai matsawa, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta da sauransu. Mai wucewa a kan keke ba ya ciki. Inda nake jin tsoro shi ne kwana da ci. Yawancin masaukin ƙauye a irin waɗannan wurare, abin da suke kira agriturismo, gidan masu yin giyar ne, ɗakin baƙi a sama, ganguna a ƙasa. Da yamma a haɗa baƙi a tebur ɗaya ana zuba wa kowa. An kuwa hana mu zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wanda ya gaji, ga yunwa, ga kunyar mai gida mai fara'a, a nan ake sassautawa.

Maman Hanifa (Siena):
Wannan magana ta Malam tana kan hanya, kuma tana da magani. Ka kama ɗaki mai kicin a cikin gari, ko masaukin da karin kumallo kawai suke bayarwa. Sannan ba su da matsala in ka ce ba ka sha. Masu keke da yawa ma ba sa sha da rana. Abin da zai wahalar da kai shi ne wanda ba a gani. Risotto, dafaffiyar shinkafarsu, kusan kullum da farar giya ake fara shi. Miyar nama ta taliya sau da yawa akwai giya, akwai alade a haɗe da na sa. Kitsen alade, strutto, yana shiga wasu burodi da kayan gashi, sai ka karanta takarda ko ka tambaya. Kayan zaƙi ma a tambaya, don wasu da barasa ake jiƙa su. Ka riƙe waɗannan: senza maiale, senza vino, senza strutto, wato ban da alade, ban da giya, ban da kitsen alade.

A nan kuma Toscana ta yi wa Piemonte fintinkau. Burodinmu gari ne da ruwa da yis, ko gishiri babu. Akwai ribollita ta wake da ganye da burodi, akwai pappa al pomodoro ta burodi da tumatir, akwai kwaɗon burodi na panzanella lokacin zafi, akwai taliyar pici da tumatir da tafarnuwa. Abincin talakawan ƙauye ne, yawanci ba nama, sai dai ka tabbatar ba a sa ƙashi ko fatar alade a romon ba.

Baban Sadiƙ (Torino):
Hajiya, na Piemonte na san su. Naman brasato a cikin giyar Barolo ake dafa shi, wannan ba sai an tambaya ba. Taliyar agnolotti akwai alade a cikin cushen sau da yawa. Tsiran Bra da ake cewa na maraƙi ne, shi ma ana haɗa shi da kitsen alade. Amma akwai taliyar tajarin da man shanu, akwai cuku, akwai ƙwai, akwai kifin gwangwani. Kuma kafin in tashi zan biya kasuwar Porta Palazzo in yi guzurin dabino da abin da ba ya lalacewa.

Ba-Damagare (Asti):
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban so in sa baki ba. Waɗannan tuddan da kuke magana na san su, amma ba a kan keken tsere ba. Da almakashi da kwandon roba na san su. Ana fara yankan inabin Moscato wajen Canelli da Santo Stefano Belbo daga ƙarshen Agusta, a bi da sauran iri, a ƙare da Nebbiolo na Barolo da Barbaresco a Oktoba. Baban Sadiƙ, in ka je a wannan lokaci ka dubi waɗanda ke tsakanin layukan. A da mutanen Makedoniya da Romaniya da Bulgeriya suka fi yawa, yanzu akwai 'yan Afirka sosai, Gambiya, Senegal, Mali, Gini, da namu. Yawancinsu masu salla ne.

Tudun da kake ji a cinya kana bisa keke, mu a baya muke jin sa, don inda ya yi tsini mota ba ta shiga, a hannu ake fito da kaya zuwa bakin layi. Kuma ba mai gona ke ɗaukar ka kai tsaye ba, sau da yawa wani ɗan tsakiya ne mai sunan kamfanin haɗin gwiwa. Akwai na kirki masu biya daidai da takarda. Akwai wanda zai rubuta maka rabin awannin da ka yi, ya cire kuɗin mota, ya cire kuɗin katifa. An yi doka a 2016 a kan wannan cin zali da suke kira caporalato, ana kama wasu, amma wanda takardar zamansa ke rataye da kwantiragi ba ya son yawan magana. Na ga masu kwana a bakin kogin Tanaro a Alba, a garin da baƙi ke biyan kuɗi mai yawa don cin abincin dare ɗaya.

Ban faɗa don in hana ka ba. Ka je, wurin yana da kyau ƙwarai. In ka ga baƙar fata a cikin gona ka yi sallama, za a amsa maka.

Ɗan Zango (Modena):
Allah sarki. Allah ya sa mu dace.

Abu Ammar (Milan):
To ai ga inda hadisin da Malam ya kawo ya faɗa. Wanda ya yanki inabin da ya san giya za a yi da shi, ya taimaka. Mai keke ma da sauƙi a kan wannan.

Ba-Damagare (Asti):
Ɗan'uwa, ka taɓa zama da takarda saura wata biyu ta mutu, ba kwantiragi a hannu, ga uwa da ƙanne a Damagaram suna jiran saƙo?

Malam Na-Brescia:
Abu Ammar, a yi hattara. Hukuncin asali sananne ne, malamai sun hana sayar da inabi ga wanda aka tabbatar giya zai yi, kuma aiki a wannan gona yana kusa da haka. Amma hukunci a kan mutum ɗaya yana bukatar a san halinsa, lalura tana da babinta, kuma ba a zauren mutum ɗari ake yanke shi ba. Ba-Damagare, ka kira ni mu yi magana. In da hali a samu aikin tuffa a Saluzzo ko wani abu daban ya fi kwanciyar rai, duk da na san can ma ba daɗi ake sha ba.

Ba-Damagare (Asti):
Na gode Malam. Yanzu alhamdu lillahi a wurin gini nake.

Abu Ammar (Milan):
Ban yi nufin ɓata rai ba. Amma ina nan a kan cewa barin wurin gaba ɗaya ya fi tsira, ga mai aiki da mai yawo.

Ɗan Jos (Treviso):
To bari in kawo abin da zai iya raba gardamar, don Langhe ba Barolo kaɗai ba ce. Ka ci gaba kudu daga Monforte ko Dogliani, hanya tana haurawa Alta Langa, wato Langhe ta sama: Bossolasco, Murazzano, har Mombarcaro da ya kusa mita 900. Inabi yana raguwa, sai gonakin nocciola, 'ya'yan itacen nan da ake sawa a cakulan, da daji da tumaki. Kamfanin Ferrero ma a Alba aka kafa shi a 1946, in iska ta juyo har ƙamshin gashi kake ji a gari. A can sama masauki ya fi araha, masu gida manoman nocciola ne ko masu cuku, kuma hanya tana bin doron tudu, ba sauka da hawa kowane minti goma. Ranar da sama ta washe za ka hango duwatsun Alps da ƙololuwar Monviso. A ra'ayina nan ne mafi daɗin tuƙi a yankin gaba ɗaya. Ƙasan, wadda UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014, ka ratsa ta da safe ka ɗauki hoto ka wuce.

Maman Hanifa (Siena):
Val d'Orcia tun 2004 take cikin jerin, a rubuta. Kuma in Juma'a ta same shi a wajenmu, akwai masallaci ginanne a Colle di Val d'Elsa, ba nisa da Castellina.

Alhaji na Fagge (Kano):
Ni daga gida nake bin ku. Abin da ban gane ba, mutum yana da kuɗin mota, ya zaɓi ya yi ta taka feda a kan tudu da wando matsattse. Mu nan wanda ya samu babur ba ya waiwayar keke.

Ɗan Jos (Treviso):
Alhaji, a nan likita da lauya ne ke hawan keken, wani kekensa ya fi ƙaramar mota tsada. Wandon kuma akwai mai faɗi da ake ɗorawa a sama ya rufe gwiwa, da shi nake salla a hanya. Mutanen nan keke a jininsu yake. Fausto Coppi, wanda ya ci tseren zagaya Italiya na Giro sau biyar da na Faransa, Tour de France, sau biyu, ɗan tuddan Tortona ne a can Piemonte, daga ƙauyen Castellania. Kuma ajalinsa daga wajenmu ya ɗauko shi: ya je tsere da farauta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso a ƙarshen 1959, ya dawo da zazzaɓin cizon sauro, likitoci ba su gane ba, ya rasu ranar 2 ga Janairun 1960 yana da shekara 40.

Baban Sadiƙ (Torino):
Kuma Alhaji, a 2024 Tour de France ya ratsa waɗannan tuddan, ta Barbaresco da Alba, aka ƙare a nan Torino. Wanda ya ci ranar Biniam Girmay ne na Eritiriya, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar. 'Yan ƙasarsu sun cika titi da tuta. Tun lokacin abin ya shiga raina.

Ɗan Zango (Modena):
Ba shi ne wanda murfin kwalba ya buge wa ido ba?

Ɗan Jos (Treviso):
Shi ne. A Giro na 2022 ya ci zangon Jesi, aka miƙa masa babbar kwalba a kan dandamali, murfin ya tashi ya same shi a ido, washegari bai iya ci gaba da gasar ba.

Malam Na-Brescia:
Kun ji ko. Ko ba a sha ba ma.

Maman Hanifa (Siena):
Malam ya samu hujja! To maganar wata, tunda ba a amsa ba. Ka guji Yuli da Agusta, zafi yana wuce 35 kuma a gonar inabi babu inuwa, ga shi tsakiyar Agusta rabin shaguna a rufe. Ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni ya fi, rana doguwa, ko'ina kore. Satumba ma da kyau, sai dai taraktoci sun cika hanya.

Ba-Damagare (Asti):
Kuma ruwan inabi da laka suna zuba a kwalta daga tirela, a kwana akwai santsi. Oktoba kuma hazo da safe a kwari, sannan ana fara kasuwar tartufo, wani naman gwari mai tsada da ake tonowa a ƙasa, a Alba, kuɗin ɗaki ya tashi sama. Abu ɗaya da masu keke baƙi ba su sani ba: a ƙananan ƙauyuka shago yana rufewa wajen ƙarfe ɗaya, sai uku da rabi ko huɗu. In ba ka sayi abinci kafin nan ba, sai haƙuri. Ruwa kuwa akwai famfo a dandalin yawancin ƙauyuka, sau da yawa har a maƙabarta, sai wanda aka rubuta non potabile, shi ba a sha.

Abu Ammar (Milan):
In dai sai ka je, to salla fa? Tafiyar kilomita 60 ba ta kai ta ƙasaru ba.

Malam Na-Brescia:
Ba tafiyar yini ake dubawa ba, nisan inda aka nufa daga gida ake dubawa. A mazhabarmu mil 48 ne, wajen kilomita 80. In ya yi niyyar wurin da ya kai haka, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba, matafiyi ne. Alba kanta daga Torino ba ta kai ba, don haka ya auna iyakar inda zai je tun kafin ya fita.

Baban Sadiƙ (Torino):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar: farkon Yuni in Allah ya kai mu, jirgi zuwa Alba, in zagaya Barbaresco da Neive, in ratsa La Morra da Monforte, sauran kwanakin in yi su a sama wajen Bossolasco da Cortemilia. Ɗaki mai kicin zan nema. Hajiya, Toscana sai wata shekara in na sayi taya mai faɗi.

Maman Hanifa (Siena):
Za ka zo ne ka ce da ka sani.

Ɗan Jos (Treviso):
Saura keken. Ƙirga mini haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. Ka duba robar birki, don gangaren gajeru ne amma kwana a ƙarshensu take. Ka tafi da fitila gaba da baya da riga mai ƙyalli, doka ce a wajen gari in duhu ya yi da kuma cikin ramin hanya. Kayan faci da famfo ba sai na faɗa ba. Jirgin yanki yana ɗaukar keke, ka duba alamar keke a jadawalin ka sayi tikitinsa in ana bukata.

Baban Sadiƙ (Torino):
Na ƙirga. Gaba 39, baya 25.

Ɗan Jos (Treviso):
Da wannan kake hawa Superga? To sannu. Da jaka a baya ba zai kai ka Monforte a rana ta uku ba. Ka nemi 34 a gaba, 32 a baya. Kafin ka sayi komai ka kai wa makaniki ya duba ko abin da ke jan sarƙar baya zai ɗauki 32, don na tsofaffin kekunan tsere gajere ne, wataƙila shi ma sai an canza shi tare da sarƙar.